Itacen Jegon Barakatu

"Ɗora hannunki nan, ƙawa. Ya motsa ko bai motsa ba?"

Huraira ta ɗora tafinta a kan cikin Barakatu, maƙwabciyarta da zana ɗaya ta raba su a Yekuwa. Cikin ya yi tsauri kamar ƙwarya, mai shi kuwa ta rame sai idanu. Motsi ta ji, ko bugun jinin hannunta ne? Wallahi ba ta sani ba. Ta dai ce mata ya motsa.

To, abin yana da mafari. Lokacin da Barakatu ke goyon ɗanta Illo, ciki ya yi ta shigar mata. Kun san matan bakin rijiya, bakinsu ba linzami, za su ce ta yi kwanika ta ɓata wa yaro nono. Duk wanda ya shiga sai ta sha jiƙon saiwa ya fita, har sau uku. Shekarar fari ƙyanda ta ɗauke Illo. Tun daga nan shiru, ko ɓatan wata.

Sai bara cikin nan ya taso. Dada ungozoma ta shafa, ta ce kwantacce ne, tsoron jiƙo ya sa ya laɓe, zai tashi. Likita a Magariya ya ce babu ɗa, ƙari ne. Ya ce yawan zubarwa kan raunata mahaifa, amma shi ma bai rantse cewa shi ne sila ba. Barau, mijin Barakatu, ya riƙe maganar Dada. Kullum ya dawo daga gona da itace a ka, yana jibgewa bayan rumbu don wankan jego.

Huraira kam ta kasa tsayawa wuri ɗaya. In Dada na magana ta yarda, in ta tuna likita ta yarda.

Ran kasuwar Dungas da hantsi Barakatu ta cika, hannunta a kan cibiya. Barau ya tsaya bakin ɗaki, ya kasa shiga.

"Huraira, ke kika taɓa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutum ɗaya za mu yi wa salla, ko biyu?"

Ta dubi tafin hannunta. Ya ɗan jira, sannan ya zagaya bayan rumbu. Can sai ga shi rungume da itace, ya sauke gaban murhun da mata suka ɗora ruwan wankan gawa. Itacen ya bushe sarai. Ya kama nan take, ko hayaƙi bai yi ba.