Kafinta da Lambobin Turanci

Shekara ashirin ina aikin kafinta, ban taɓa yanka katako ya gaza ba. Amma ranar da aka ba 'yata Auta aikin gida ta rubuta 347 da kalmomin Turanci, sai ta wuce ni ina zaune a tsakar gida, ta shige ɗakin ƙanena.

Ina jiyo su. "Fara da ɗaruruwa," in ji shi, "three hundred, ki sa and, sannan forty-seven, da ɗan layi a tsakani." Ta yi dariya ta ce, "Baffa, kai ka san komai!"

Wai komai! Mutumin da ko ƙusa ya buga sai ta lanƙwashe. Ni na biya masa makarantar da yake wannan iyayin da ita. Wallahi kishi ya cika mini ciki, ko abincin rana ban iya ci ba.

Washegari na sayi ɗan littafin lambobi na ɓoye a akwatin guduma. In babu kowa a shago, sai in zaro fensir daga bayan kunne in yi ta kwafa a guntayen katako. Eleven da twelve sun ba ni wuya, ba su yi kama da kowa a danginsu ba. Sati uku ina fama kafin na kai ɗari.

Wata Asabar Auta ta zo shago da littafi. "Baba, ka taya ni wannan."

Na duba, 26 ne da 58 da 91. Na share hannu a riga na rubuta su tsaf, har da ɗan layin. Ta tafa ta rungume ni. Ban san sanda na ce, "Je ki nuna wa baffan naki!" ba.

Da na rufe littafin zan miƙa mata, sai na ga bangonsa ya tsufa, an rubuta aji biyu. Auta kuwa tana aji huɗu.

"Wannan fa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen siket. "Mu yanzu miliyan muke yi. Baffa ne ya ce in nemo na da in kawo maka, wai ya ga kana ƙoƙari."