Zoben Lammigje

Magana ta cika ƙauyen cewa tsafi ya shiga makarantar majami'a. An kama Fenna, 'yar aji huɗu, ta ɗaure zobe da silin gashi tana lilo da shi bisa tafin hannun ƙawayenta, tana faɗa musu wadda za ta riga mutuwa. Wai daga littafin mayu da malaminsu Roelof ke karanta musu ta koyo. Dattijo Harm, kakan yarinyar, ya kai ƙara, ran Alhamis dattawan ikilisiya za su zauna su sallami malamin.

Geesje, tsohuwar shugabar makarantar, ba ta haɗiyar magana ba ta tauna ba. Ta ari littafin ta karance shi tas. Maye ɗaya ne a ciki, mai mai da agwagi takalma. Ta yi dariya har tabarau ya zame mata. Zobe kuwa ko ɗaya babu.

Sai ta hau kekenta ta nufi gidan Harm. Ta tarar ba ya nan, matarsa Lammigje ta zuba mata kofi da biskit ɗaya.

Geesje ta ce, "Fenna, zo nan 'yar nan. Wa ya nuna miki abin zoben?"

Yarinyar ta dubi kakarta.

Lammigje ta ce, "Ke Geesje, har yau ba ki ajiye sandar malanta ba? Ni ce mana. Da shi na gane Fenna mace ce tun tana ciki. Wanda za a haifa, wanda zai tafi, zoben bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Kofi ya fantsamo wa Geesje a siket.

"Lammigje! Duba kike yi? Ke da ba kya ko saƙa ran Lahadi?"

"Wane irin duba? Sai na ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki nake sakinsa. Uwata ma haka ta yi. Tsafi ai na cikin littafin nan ne, mai hula da sanda."

"Harm ya sani?"

"Shi ke riƙe mini fitila."

Ran Alhamis Geesje ta tsaya gaban dattawa. Ta ce, "Mayen littafin ƙirƙirarre ne, ba ya koya wa kowa komai. Duban da Fenna ta yi na gaske ne, a gidan Dattijo Harm ta koya, a hannun kakarta, da saninsa."