Sunan da Bai Fito Daga Bakin Hajiya Ba

Hajiya Awawu ta Salaga yaya ɗaya ya rage mata a duniya, Alhaji Amidu, mai fataucin shanu a Bawku. Shekara uku ke nan kunnensa ya toshe. In ka kira shi a waya, sai ya yi ta sallama har ka gaji ka kashe. Amma idonsa garau, yana karatu sarai.

To, da aka yi wa Wadud, ɗanta na fari, haihuwar ɗa namiji bayan shekara goma sha biyar ana jira, aka kuma sa wa jaririn sunan marigayi mijinta, Hajiya ta rantse labarin nan daga bakinta Yaya zai same shi. Jikarta Hikmat, malamar makaranta a Yendi, ta zo suna da kwamfutarta.

"Mma, ki yi magana in ɗauka," in ji ta. "Sai in rubuta abin da kika ce a ƙasan hoton, ya karanta."

Hajiya ta yafa mayafin Makka, ta zauna gindin mangwaro, ta gyara murya. "Yaya, yaron nan ya samu ƙaruwa. An sa masa sunan mutumin nan. Ka zo ka sa albarka."

Hikmat ta ture kwandon busasshen kifin Makango, ta aje kwamfuta a kan tebur, ta yi ta ƙwanƙwasa. Da ta gama ta karanta mata: "Yaya, Wadud ya samu ɗa, an sa masa Zainuddini."

Saura kaɗan kokon da Hajiya ke sha ya zube. Kun san matan da, ba su kama sunan miji, ba su kama na ɗan fari.

"Ke! Ni na faɗi haka? Shekara arba'in ina gidan mutum ban kira sunansa ba, yau kin cusa mini shi a baki, a rubuce, har Bawku? Goge!"

"Mma, 'yaron nan' a gidan nan sun fi goma. 'Mutumin nan' kuwa duk Salaga ne. Alhaji zai zaci mai gyaran famfo aka yi wa haihuwa."

"Ya zata. Goge, marar kunya."

Hikmat ta goge, ta yi tagumi. Can idonta ya faɗa kan tsohon hoton kakanta, mijin Hajiya, a bangon baranda, da sunansa a ƙasa.

"Mma, wa ya rubuta wancan?"

"Mai hoto mana."

"Bai dame ki ba?"

"Ina ruwana? Bakina ne?"

Shi ke nan. Hikmat ta mayar da maganar Hajiya yadda ta fito, fara tas a ƙasa. Amma daidai "yaron nan" sai hoton Wadud ya bayyana, da sunansa manya-manya cikin ruwan ɗorawa can sama. Daidai "mutumin nan" sai hoton bango, sannan jaririn, da suna ɗaya a rubuce bisa kansu. Hajiya ta sa aka karanta mata na ƙasa har sau uku.

"Na saman fa, Mma?"

"Wannan tsakaninki da na'urarki."

Hikmat ta tura wa Alhaji. Washegari da hantsi nasa bidiyon ya iso daga Bawku. Ga Alhaji Amidu a kasuwar shanu, yana ihu irin na wanda ba ya jin kansa.

"Awawu! Na gane! Barka, barka! Har yanzu kina nan da 'mutumin nan'? To ga shi ya dawo cikin zani, mu ga me za ki kira shi! Ina tafe ran Jumma'a da rago!"

Hajiya ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauki jaririn.

"Maigida," ta ce, "ka ji yayana da neman magana."