Tandar Zinariya

Ran bikin Munira ne Zalissa ta yi wa Zinariya abin da ba ta manta ba. An jera motocin rakiyar amarya a Zongo, ƙawaye sun cika tsohuwar Fijon Zinariya, sai ga Zalissa tana ƙwas-ƙwas da dogon takalmi. Ta leƙa ciki, ta yamutsa fuska.

"Ku fito, les filles, kada kwalliyarku ta narke. Wannan ai ba mota ba ce, tandar gashin burodi ce!"

Aka kwashe da dariya, 'yan mata suka fice. Zinariya ta bi ayari ita kaɗai kamar mai rakiyar gawa. Abin haushi kuma, motar nan ta marigayi Jibrilla ce, mijin Zinariya, yayan ita Zalissar uwa ɗaya uba ɗaya. Wai don yarinya tana aikin banki a Wagadugu! Zinariya ta ƙyale ta a ranar. Amma Bakanuwar da ta shekara ashirin tana ciniki da matan kasuwa a kan shadda, ai ba a taka ta a wuce lafiya.

Da surukarta Hajiya Uwa ta tafi Makka, Zinariya ta ga ranarta ta zo. A Zongo, motar da alhajiya ta shiga daga filin jirgi, gidan mai motar take sauka. Can ake raba dabino da zamzam, can unguwa take tururuwa. Zalissa kuwa har ta gyara falonta, tana gaya wa kowa mamanta ba za ta shiga zafi ba.

Zinariya ta kai Fijo garejin Sayibu mai gyaran kilim, wato na'urar sanyaya mota, a unguwar Tampouy. Ya buɗe gaban mota, ya nuna mata wani faffaɗan ƙarfe mai kama da saƙar zuma a gaban lagireto, duk ya toshe da jar ƙasa da fukafukan fara.

"Hajiya, kondansa ke nan, shi ke fitar da zafi. Wannan ya gama aiki. In wanke shi mu lallaɓa?"

"Lallaɓawa? Cire shi ka jefar! Sa mini sabo, irin na motocin yanzu, ka ƙara masa fanka. So nake wanda ya shiga ya nemi bargo."

Sayibu ya yi walda, ya canja tiyo, ya ɗura sabon gas. Da ta kunna, sanyi ya bugi ƙirjinta har ta yi atishawa. Ta yi dariya ita kaɗai, dariyar mugunta tsantsa.

Ranar saukar alhazai hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, gari ya yi ɗumi kamar ɗakin girki. Hajiya Uwa ta fito cikin farin mayafi, Zalissa ta ruga ta buɗe mata ƙofar sabuwar motarta. Tsohuwa ko kallo ba ta yi ba. Ta taka a hankali zuwa Fijo, ta dafa ta.

"Motar Jibrilla ce ta kawo ni filin jirgin nan, ita za ta mai da ni. Zalissa, miƙa wa wani makullin motarki, ki zo ki riƙe mini jarkar zamzam."

Zalissa ta shiga baya tana cika tana batsewa. Zinariya ta murɗa kilim har ƙarshe. Kai! Sanyi ya cika mota nan take. Ta madubi ta ga bakin Zalissa ya buɗe, ya kasa rufuwa.

Da suka doshi Zongo, Hajiya Uwa ta ce, "'Yar nan, kashe abin nan, ki sauke gilasai. Mutane za su miƙo hannu neman albarka, ni kuma in ƙulle kaina kamar kifi a firji?"

Zinariya ta dubi makunnin kilim. Duk wahalar nan a banza? Ta kashe, ta sauke gilasai. Zafi ya afko, jama'a suka yanyame mota, hannuwa ta kowace taga, ana "Hajiya barka da sauka!" Sai ta sake duba madubi. Hodar Zalissa ta fara gangarowa, jagira ta bi gumi ta yi mata layi biyu har haɓa, gashin idon kanti ɗaya ya saki ya rataye. Ga jarka a cinya, ba hannun sharewa.

Wani daɗi ya ratsa Zinariya har yatsun ƙafa. Ta sa giya ta ɗaya, ta bar layin gidanta, ta bi ta ƙofar masallaci, ta bi ta layin masu ɗinki, ta tsaya wa duk tsohuwar da ta ɗaga hannu.

Zalissa ta matso, murya ƙasa-ƙasa. "Tanti Zinariya, don Allah kunna kilim ɗin ko kaɗan. Ga abokan aikina can suna ɗaukar hoto."

Zinariya ta kai yatsa kan makunni, ta shafa shi, ta janye hannunta.

"Wane kilim, ƙanwata? Ai tandar gashin burodi ce. Zauna ki gasu."

Ta karya kan mota, ta sake komawa layin masu ɗinki.