Abin da Illiya Baduku Ya Gano a Amirka

Duk Agadas, idan ciniki ya rikice ko aka yi musu kan wanda ya fara zagi, Illiya baduku ake kira. Shi ba malami ba ne, ba shi da sarauta, battoci da takalma yake ɗinkawa a rumfarsa bayan babban masallaci. Abin da Allah Ya ba shi ɗaya ne: bai iya ƙarya ba. Idan rini ya ɓata fata, shi da kansa zai nuna wa mai saye wurin kafin a yi ciniki. Ni da nake tela a rumfar da ke jikin tasa, hauka na ɗauki wannan. Amma da haukan yake ci da iyalinsa, don in aka ce "Illiya ya faɗa", magana ta ƙare.

A shekarar da fari ya gama da dabbobi har mutanen daji suka kewaye gari da bukkoki, wata anasara mai sayen battocinsa ta tafi da shi Amirka wajen baje kolin sana'ar hannu. Ya yi ƴan makonni ya dawo da kumatu har da ɗan tumbi, a garin da kowa ke ƙara wa mazagin wandonsa ƙulli. Wannan kaɗai ya isa a ji haushinsa.

Muka taru a rumfarsa da la'asar, aka ɗora shayi ganye kaɗan ruwa da yawa, aka ce ya ba mu labari.

Ya ce, "Naman da ake aza wa mutum guda a faranti ya kai takalmin nan faɗi. Abin da ya rage, na tambaya gidan wa za a kai, aka ce mini bola."

Muka ce Allah Ya kyauta, masu kuɗi ko'ina haka suke.

Ya ce, "Kuma suna gasar ci. A jera ƙarti bisa dandamali, a tula musu burodi da nama, mutane na tafi suna kuwwa. Wanda ya fi haɗiya a ba shi kyauta."

Garba mahauci, wanda rabonsa da yanka rago mai kitse har ya manta, ya ajiye kofinsa. "Kyautar mi? Shi da ya cinye abincin, shi za a biya?"

"Shi fa. In sun yi ƙiba kuma, akwai wani gida da suke biya su shiga. Sai mutum ya hau wani inji ya yi ta gudu bisa shi, yana zufa, ba ya zuwa ko'ina."

"Wa ke korar shi?"

"Ba kowa. Kitsen yake son ya narke."

Nan aka fara kallon juna. Ni na taka masa ƙafa don ya tsaya haka, amma mutumin da bai iya ƙarya ba bai iya shiru ba. Ya ce karen anasarar nan yana da likitansa, kuma likitan ya hana a ƙara masa abinci don ya yi nauyi. Ya ce gwamnatinsu tana biyan manomi don ya bar gonarsa kada ya shuka, saboda hatsi ya yi yawa an rasa wurin zubawa. Sannan ya ƙarasa da wadda ta jawo masa: jar dawar da ake raba mana ta taimako, can shanu ake ba.

Garba ya miƙe yana kaɗe riga. "Malam Illiya, jirgi ya juya maka kai. A biya mutum don kada ya yi noma? Ai da duk ragwayen Agadas sun zama alhazai."

Kafin mako ya zagayo, sunansa ya koma Illiya Amirka. Duk wanda ya shara ƙarya a kasuwa sai a ce, "Kai ma ka je?" Aka yi rigima kan raƙumi a gaban rumfarsa, aka tsallake shi aka kira wani ya raba. Na ga yadda ya sunkuyar da kai yana soka basilla inda ba ɗinki, tausayinsa ya kama ni ƙwarai, ko da yake ni ma batun karen ban yarda ba.

Lokacin soja ne, magana ba ta kwana a inda aka yi ta. Mata a layin rabon dawa suka soma tsokanar juna da kukan shanu. Wata rana da hantsi sai ga jandarma biyu, suka tafi da Illiya, ni kuma suka haɗa da ni don an ce a gabana aka yi.

Kumandansu yana zaune bayan tebur, ya dubi Illiya sama da ƙasa. "Bon, to. Ƙasar da take ciyar da ku ita kake ɓata wa suna? Kana son a ji a Yamai a ce mutanen Agadas sun raina taimako?"

"Ranka ya daɗe, abin da na gani na faɗa."

Kumandan ya sallami jandarman, ya rage murya. "Wannan gasar cin. Wanda ya ci gasar, guda nawa ya haɗiye?"

"Na daina ƙirgawa, ranka ya daɗe, zuciyata ta tashi."

"Bai mutu ba?"

"Ya sauko ya nemi abin sha mai sanyi."

Kumandan ya lumshe ido, har sai da na ga maƙogwaronsa ya motsa. Can ya tuna ko shi wane ne, ya buga tebur. "Ƙarya ce! Ranar rabo za ka tsaya gaban jama'a ka janye ta duka. In ka ƙi, akwai wuri cikin hamadar Tenere inda za ka ba duwatsu labarin Amirka."

A hanyar komawa Illiya ya kama hannun rigata. "Chaibou, kai tela ne. Koya mini."

Na ji zafin maganar, amma ina ce wa mutane "gobe ka dawo" tun kafin a haifi kumandan, don haka ban musa ba. Na ce masa abu biyu ne. Kada ya dubi ƙasa, kuma ya faɗa wa mutane abin da hankalinsu zai ɗauka. Ba wanda zai yarda akwai inda ake zubar da nama, amma yunwa kowa ya san ta.

Ranar rabo filin gaban siton dawa ya cika, layi har bayan katanga. Aka ɗora Illiya bisa buhuna, aka ba shi lasifika. Bai dubi ƙasa ba.

Ya ce, "Jama'a, abin da na faɗa muku ba haka ba ne. Mutanen can talakawa ne kamar mu. Su ma sau ɗaya suke aza tukunya. Kumatun da kuka gani sanyi ne ya kumbura ni. Dawar ga kuma, daga bakin ƴaƴansu suka rage suka aiko mana."

Na ce a raina, yaro ya fi malaminsa. Filin ya ɗauki salati. Garba mahauci ya ɗaga hannu yana cewa, "Yauwa! Yanzu Illiyanmu ya dawo. Dama na san ba halinsa ba ne." Kumandan ya gyaɗa kai, mutane suka yi ta miƙa wa Illiya hannu, fuskarsa ta ɗan saki.

Sai wata tsohuwa ta fito daga gaban layi, Tabawa mai saƙar tabarma, wadda jikoki suka taru a wuyanta tun da fari ya kore su daga Dabaga. An riga an auna mata tiyarta a ƙwarya. Ta zo gaban buhunan, ta ce masa ya tara riga.

"Inna, mi za ki yi?"

"Tara dai."

Ya tara. Ta karkata ƙwaryar ta juye masa rabi, ta duba abin da ya rage, ta ƙara tafi guda.

"Ni ba na ci daga bakin yaro. Kai ka san hanya, ka maida musu. Ka ce muna gaisuwa, Allah Ya kawo musu ruwa."

Illiya ya dubi dawar da ke rigarsa, ya dubi kumandan. Bayanta wasu mata sun riga sun fito daga layi da ƙorensu.

Tabawa ta ɗaga kai tana kallonsa. "Za ta kai gare su ko?"

Kowa a filin na jiran amsarsa.

Ya ce, "Za ta kai, inna."

Ta ɗora sauran a ka ta nufi gida hankalinta kwance, tun da Illiya ya faɗa.