Wando Talatin, Awo Ɗaya

A shekarar 1955 aka turo ni koyarwa a wata 'yar makarantar elamantare da ke ƙasar Kiru, ba nisa da Ba'awa. Sunana Wada. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, na fito daga kwas ɗin malanta da takardar shaida, da sabon keke, da tabbacin cewa babu abin da ya rage mini in koya.

Makarantar aji biyu ce na ginin ƙasa da rufin ciyawa, yara talatin, duk maza. Abokin aikina ɗaya ne, Malam Baffa, dattijo mai koyar da Arabiyya, wanda ya girmi mahaifina.

Abin da ya fara damuna shi ne suturar yaran. Ɗan dagaci yakan zo da riga mai aiki a wuya, wani da 'yar shara ta saƙi, wani kuwa daga shi sai bante. Na lura masu banten kullum a baya suke zama, ko sun san amsa ba sa ɗaga hannu, don kada a ce su fito gaban allo. Wannan kam gaskiya na gani, har yau ban janye ba. A birnin Kano na ga 'yan makaranta a sahu, kowa da farar riga da wandon kaki, ba ka gane ɗan attajiri da ɗan mai faskare. Na ce a raina sai na kawo wannan tsari ƙauyen nan.

Na kai maganar gaban dagaci da dattawa, na yi bayani mai tsawo a kan tsafta da ci gaba. Da na gama, Malam Baffa ya ce, "Malam Wada, wandon zai rufe gwiwa? Da shi za su yi azahar."

Na ce zai rufe. Dagaci ya amince. Bayan an sayar da gyaɗa iyaye suka haɗa hannu aka sayo yadi.

Ran kasuwar Kwanar Dangora na ɗaure yadin a bayan keke na kai wa wani tela mai suna Ubale. Ya shafa yadin, ya yaba, sannan ya ce, "Malam, ina yaran? Ko ka zo da awonsu?"

Na zaro zare daga aljihu, mai ƙulle-ƙulle. Da ma na riga na gwada wani yaro matsakaici a aji, na ƙulla tsawonsa da faɗinsa.

"Wannan ai na mutum ɗaya ne."

"Iri ɗaya ake so," na ce masa. "Abin da ake nufi da kayan makaranta ke nan, komai daidai."

Ubale ya cire ƙafa daga kan keken ɗinki ya dube ni. "Talatin ɗin duka?"

"Kai dai ɗinki ka sani. Tsarin makaranta ka bar mana."

Ya ce, "To, madalla," ya karɓi zaren.

Ranar da aka raba kayan na tsayar da yaran a sahu. Kamar goma sun dace. Sauran kuwa sai wanda ya gani. Akwai Kyauta, ɗan shekara bakwai, rigarsa ta sauko har ƙwauri, yana riƙe da wando da hannu biyu. Akwai Hamman, ɗan wasu Fulani makiyaya, mai shekara goma sha huɗu, wanda ya fi kowa lissafi a makarantar. Wandonsa a tsakiyar cinya ya tsaya, ya kasa ko sunkuyawa. Malam Baffa ya zagaya bayan aji, na jiyo shi yana wani tari wanda ba tari ba ne.

Da ya dawo na ce masa, "Ai yara girma suke yi. Baɗi zai yi musu daidai."

Ya ce, "Haka ne. Hamman fa, shi ƙanƙancewa zai yi?"

A nan ya kamata in ce na yi kuskure. Maimakon haka sai na kafa doka: duk wanda ya zo ba kaki, ko ya zo da shi da dauɗa, ya koma gida.

Da rani abin ya ɗan tafi. Damina na sauka ya lalace. Kowa kaya ɗaya ke gare shi, in an wanke sai ya kwana biyu bai bushe ba. Wasu iyaye mata suka ga farar riga ta fi ƙarfin yawon yau da kullum, suka linke suka ajiye a adudu sai Salla. Wasu yaran yayyensu ke aron rigar su tafi kasuwa. Wandon Hamman ya yage a gaban allo wata Laraba, washegari ya zo da rigarsa ta kiwo, na kore shi. Kowace safiya ina tsaye a ƙofa da bulala ina duba su ɗaya-ɗaya, ina jin kaina kamar soja.

Wata rana kakar Kyauta, tsohuwa Tasalla, ta zo har ƙofar aji da sandarta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗan nan, kai ne ka koro mini jika sau uku?"

"Iya, doka ce ta makaranta."

"Karatun a cikin wandon yake?"

Na soma yi mata bayanin da na yi wa dagaci. Ban kai rabi ba ta juya ta tafi abinta.

Bayan mako biyu Malam Inuwa, mai duba makarantu, ya iso ba sanarwa, ƙafar wandonsa duk laka. Ya tarar da yara tara a aji, tsaf da su. Na sa suka miƙe suka gaishe shi da Turanci. Ya buɗe rajista ya daɗe yana kallo.

"Malam Wada, makarantar taka da kyan gani," in ji shi. "Amma na wuce wata a gindin tsamiya, can bayan gonar dawa, ta fi taka cika. Zo ka raka ni."

Muka tafi. Yarana ne su ashirin da ɗaya zaune a ƙasa, wasu da bante, wasu da 'yar shara. Hamman na tsaye yana rubuta musu lissafi da tsinke a jiƙaƙƙiyar ƙasa, Malam Baffa na gefe a kan buzu. Ashe kusan wata guda ke nan, duk wanda na kora shi yake tarewa a hanya. Ni kuwa da na ga ba ya zama a makaranta da safe, na ɗauka tsufa ne, har ina tausaya masa.

Malam Inuwa ya yi wa yaran tambayoyi, sannan muka koma ya yi wa nawa tara. Na gindin tsamiya suka fi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Da zai hau keke ya ce, "Kayan ba laifi ba ne, ka bar su. Yaran nake so ka maido."

Da la'asar na je gidan Malam Baffa na ba shi haƙuri. Ya ce shi ba abin da na yi masa, in je wurin Tasalla. Na je. Ta bar ni a durƙushe har ta gama kaɗin da ke hannunta, sannan ta miƙo mini reza da wandon jikanta, ta ce in farke ɗinkin. Da gari ya waye ta aika gida-gida aka tattaro sauran.

Kwana shida na yi a zaurenta bayan an tashi makaranta ina farkar ɗinki, mutane na wucewa suna ce mini sannu da aiki. Abin da aka rage daga na ƙanana, shi ita da maƙwabtanta suka ƙara wa na manya da allura. Wandunan suka fito da faci iri-iri, amma kowa ya iya zama a cikin nasa. Na soke dokar kora. Mai kaki ya sa, wanda nasa bai bushe ba ya zo da abin da ya samu.

Kafin girbi aji ya koma talatin, har da ƙarin biyu. A shekara ta gaba yara uku daga makarantarmu suka ci jarrabawar wucewa gaba, Hamman ne na ɗaya. Mahaifinsa ya aiko da ƙwarya cike da man shanu, ya ce a kai wa malamin da ya koya wa ɗansa. Ɗan saƙon ya wuce ta ƙofar gidana, ya gaishe ni, ya tambaye ni hanyar gidan Malam Baffa. Na nuna masa.