Hannun Malam a Sama

Ya rubuta "without" a allo ke nan, sai kalmar da za ta biyo baya ta ɓace masa ɓat. Malamin Turanci ya tsaya da alli a hannu. A bencin baya kuwa shugabar makaranta ce zaune, ta zo duba darasi.

Ya juyo a hankali, ya ɗaga hannu sama, ya karkata kunne.

"Eating!" ajin ya amsa baki ɗaya.

"Madalla. Dalili?"

"In aikatau ya biyo bayan ƙananan kalmomin nan, sai a ɗaura masa wutsiya!"

Wutsiya, sunan da ya laƙaba wa "ing" ke nan tun yana sabon malami. Ɗaga hannun ma tsohuwar dabararsa ce: ya yi shiru, yara su cike. Amma a da, da gangan yake shirun. Tun bayan hutu, shirun ke zuwa da ƙafarsa, ba sallama.

Haka mahaifinsa ya fara, da manta sunan cokali. Ya ƙare bai gane 'ya'yansa ba, yana tambayarsu daga ina baƙi.

Ko da safen nan sai da ya ce wa matarsa ta miƙo masa abin nan na ƙafa.

"Takalmi? Baban yara, don Allah mu je asibiti."

"In makaranta ta ji fa? Wa zai bar wa malamin da ba kalma a bakinsa aji?"

Aka kaɗa ƙararrawa. Shugaba ta tare shi a bakin ƙofa, fuska a sake.

"Malam, kai dai ba ka tsufa! Rabin darasin fa yara suka yi. Masu duba makarantu na nan tafe, ajinka zan fara kai su."

Ya so ya yi godiya. Ya laluba, bai samu ba, sai ya ɗan rusuna. Ta ɗauka kunya ce.

A motar haya ya sami wuri kusa da taga, rana na dukan gefen fuskarsa. Kwandasta ya zungure shi.

"Baba, ina za a sauka?"

Ga unguwar nan a idon zuciyarsa: shagon tela, famfon da ke yoyo, koriyar ƙofar gidansa. Sunan ne babu. Hannunsa ya tashi sama da kansa, kunnensa ya karkata.

Ba wanda ya cike. Kowa na duba wayarsa.

"Baba, in addu'a ce a sa da mu," in ji kwandasta. Aka yi dariya.

Motar ta sha kwana. Ga shagon tela, ga famfo. Matarsa na tsaye a bakin koriyar ƙofa, ta kare ido da tafin hannu tana duban titi. Akwai abin da ake faɗa direba ya tsaya, ɗan gajere ne, ko yaro ya sani.

Ƙofar ta wuce ta taga, hannun Malam na sama.